Ƙasimu da Motar Barci

Da sunan Allah nake farawa. Kafin komai ina neman afuwar masu karatu game da rubutuna, domin ban riƙe alƙalamin boko ba sai da furfura ta fara leƙo mini a gemu, a ajin manya na yamma, kuma har yau hannuna rawa yake idan ya hau layi. 'Yan majalisarmu ne suka ɗora mini wannan nauyi. Sun ce tunda ni ma na ba da ɗana a cikin lamarin, babu wanda ya fi ni cancantar ya rubuta shi.

Malam Ƙasimu mai dakon burodi ne a Gyaɗi-Gyaɗi. Yana da tsohuwar mota rufaffiya, mai raga a gefe don shigar iska, da ita yake kai wa masu shayi da kantuna kaya tun daga Darmanawa har Unguwar Gano. Mutum ne mai kyauta da fara'a. Aibinsa guda ne: tunda aka haife shi ba a taɓa ambatar wani abu a gabansa ya ce bai sani ba.

Da hutun makaranta ya zo ƙarshe, hirar majalisarmu ta ƙofar kantin Malam Zakariyya ta koma kan abu biyu, cunkoson safiya da barcin yara. Maƙwabcinmu Iliya, ma'aikacin gwamnati mutumin Zonkwa, shi ya fi kowa kuka.

"Ni tun yanzu kaina ya fara ciwo," in ji shi. "Ka tashi yaro kamar kana tashin buhun gero, ka fito titi ka tarar duk Kano ta riga ka."

Ƙasimu ya gyara zama, ya tura hula gaba. "Cunkoso ai na marasa dabara ne. Ni ku ɗaure mini ido da rawani, ku ajiye ni a Darmanawa, da warin kwatoci kaɗai zan kai ku Tarauni ba tare da tayata ta taɓa kwalta ba."

"To ran nan wa muka gani a Titin Zoo yana fifita da hula, burodi na gumi a baya?" Malam Zakariyya ya tambaya.

"Tsayawa na yi injin ya huta."

Abin da ya sa bana Ƙasimu ya ɗauki maganar da zafi shi ne 'yarsa Hanan, 'yar aji shida a wata firamare da ke Tarauni. Kafin a tafi hutu, shugabar makarantar, Madam Deborah, ta zaɓe ta a matsayin mai kaɗa ƙararrawa. Amma ta kafa sharaɗi a gaban kowa: mai ƙararrawa ita ce za ta riga dukan ɗalibai zuwa ranar komawa, in kuwa ta makara, ƙararrawa ta koma hannun Safiyyah, wadda suke takara tun aji ɗaya. Duk tsawon hutu Hanan tana gwada kaɗawa da cokali da kwanon sha. Ubanta kuwa babu mai shayin da bai gaya wa ba cewa duk makarantar nan, har malamai, sai 'yarsa ta ba da izini suke shiga aji.

Sai dai hutu ya lalata barcin gidan. Hanan da ƙanenta Sadiq sun saba da hira da kallon waya, da safe kuma sai rana ta shigo tsakar gida suke buɗe ido. Mahaifiyarsu Husaina ta ce a riƙa karɓe wayar bayan sallar isha'i, a hankali za su daidaita.

"A hankali?" Ƙasimu ya yi dariya. "Wannan aikin mata ne. Soja ake horarwa da atisaye."

Washegari tun kafin kiran assalatu ya tsaya a tsakar gida da murfin tukunya da muciya, ya shiga duka yana kiran, "Makaranta! Makaranta!" Iliya ya fito da taɓaryar matarsa yana tambayar ta ina ɓarayin suka haura. Inna Safara'u, tsohuwar da ke gidan baya, ta leƙo ta katanga ta ce, "Ɗan nan, an ga wata ne ba a faɗa mini ba? Ni ko ɗumamen sahur ban ajiye ba." Kajin unguwa suka rikice, zakaru suka yi cara babu tsari. Mutum biyu ne kawai ba su motsa ba a layin nan, Hanan da Sadiq. Sai da ya yayyafa musu ruwan randa.

Ya ci gaba da atisayen nan har yaran suka koma kamar jemagu. An aiki Sadiq sayen manja, aka same shi a kantin Malam Zakariyya ya kifa kai a kan buhun shinkafa, kwalba a hannu. Hanan ta yi gyangyaɗi a Islamiyya har allonta ya faɗi. Da rana suna rama barcin da aka ƙwace musu, da an yi isha'i kuma idanunsu su bushe tar kamar na kyanwa.

"Baban Hanan, ka mai da musu rana dare," in ji Husaina.

"Ba ki gane ba ne. Mataki na biyu ya rage."

Mataki na biyu tatsuniya ce. Bayan isha'i ya shimfiɗa tabarma, ya sa su a gaba, ya ce tatsuniyarsa ko ɗan sanda mai gadi ya ji sai ya kwanta. Ya fara da murya mai sanyi, yana jan kalma, yana lumshe ido don su yi koyi. Bai kai ga shigowar kura cikin labarin ba, minshari ya karɓe. Yaran suka rufe shi da zanen mahaifiyarsu, suka zare wayar daga aljihunsa cikin ladabi.

Da safe Husaina ta ajiye masa koko ta ce, "Malam, tatsuniyarka tana da kyau. Mutum ɗaya ta kayar, amma babba ne."

Da wani ne, da ya saduda. Ƙasimu kuwa a ranar ya zo majalisa fuskarsa na walƙiya, ya ce mu matso.

"Na gano bakin zaren. Barci ya ƙi zuwa da wuri, ya kuma ƙi tafiya da wuri. To me ya sa muke faɗa da shi? Mu tafi da shi makaranta mana!"

Ya zayyana shirin. Yara za su yi wanka da yamma, su kwana da rigunan makaranta da takalmansu. Da an idar da sallar asuba, zai kwashe katakan burodi daga motarsa, ya shimfiɗa katifa, a ɗauko yara suna barci a jera su. Zai bi lunguna a hankali, ya isa ƙofar makaranta kafin gari ya waye, su ƙarasa barcinsu a can. Babu cunkoso, babu kukan tashi, Hanan kuma ta sauko ta riga ko da tsuntsayen makarantar.

Ya kamata a ce a cikinmu an sami mai hankali ɗaya. Muka dubi juna, muka ce kai, wannan mutum da ya yi boko mai zurfi da yanzu shi ke tsara titunan Kano. Da yake duk makaranta ɗaya yaranmu suke, Iliya ya ba da ɗansa Nathaniel, duk da matarsa Rifkatu ta ce ita yaro ta haifa ba burodi ba. Malam Zakariyya ya ba da jikokinsa. Ni ma na ba da ɗana Suhaib, har ina godiya.

Husaina ce kawai ta ja. "Makarantar nan fa da ƙafa muke zuwa taron iyaye. Ka tashe ta da asuba ta bi 'yan layinmu mana."

"'Yar mai mota, a ƙafa, ranar da za ta karɓi mulki? Ki bar maganar nan kada maƙwabta su ji." Ya juyo gare mu kuma ya ce, "Ku ku yi karin kumallonku a tsanake, ku taho ku same ni a ƙofar makaranta. Za ku tarar har na gaji da jira."

Ran Litinin da asuba aka yi lodi. Kowane uba ya fito da nasa a kafaɗa, Ƙasimu na tsaye yana ba da umarni da raɗa, ya sha babbar riga da takalminsa sau-ciki na sallah, domin ya ce ranar tarihi ce. Hanan kaɗai ta ƙi kwana da takalmi, don haka ya ɗauki sandal ɗinta ya ajiye a kujerar gaba kusa da shi. Tsakanin gaba da baya akwai katangar ƙarfe, direba ba ya ganin abin da ke bayansa. Ya tura ƙofar baya a hankali, ya ɗaga mana hannu kamar mai tafiya Makka.

Da farko lamari ya tafi daidai. Ya tsallaka babban titi babu kowa sai masu shara, ya kutsa lungunan Unguwar Gano yana murmushi shi kaɗai, yana shirya kalaman da zai gaya wa Iliya. Ya sha wata kwana da ya sani sarai tana fita kusa da makarantar, sai ya taka birki.

Tabarmi ne shimfiɗe daga wannan katanga zuwa waccan, mutane zaune sahu-sahu, ana raba dabino da goro. Raɗin suna ake a ƙofar gidan Alhaji Habibullah, ɗaya daga cikin masu kantin da yake kai wa kaya.

"Burodi ya iso!" wani saurayi ya yi kira, samari suka taso za su buɗe bayan mota.

Ƙasimu ya diro, ya kulle gaba, ya ruga ya baje hannu a ƙofar baya. "Kada wanda ya taɓa! Kayan da ke ciki barci suke!"

"Yau kuma burodin barci yake?"

"Alhaji," ya ce wa angon ƙarni, "don Allah a ɗage mini tabarmi in wuce, sauri nake."

"Haba Malam Ƙasimu! Ka zo ƙofar gidana ranar suna ka wuce da taya? Ai sai a ce gaba muke. Sauko a shafa fatiha da kai, yanzu za a tashi."

Babu yadda zai yi. Ya tuɓe sau-cikinsa a bakin tabarma, dab da bayan motar, ya zauna a ɗofane. Limamin unguwar dattijo ne mai natsuwa, kowace kalma sai ya ba ta haƙƙinta. Aka raɗa suna, sanƙira ya ɗaga murya ya ce an sami Ibrahim. Liman ya yi addu'a, sannan ya ɗaga makirfo ya ce ko akwai wanda zai rufe mana.

Ƙasimu ya hango wani malami mai rawani yana gyara murya, ya san in wannan ya karɓa sai hantsi. Ya yi wuf ya riga shi. A ransa kalma uku zai faɗa a shafa, a naɗe tabarmi.

"Allah Ya raya Ibrahim," ya ce.

"Amin!" taro ya amsa.

Bai taɓa jin muryarsa a lasifika ba. Ta fita da kauri, ta bugi katanga ta dawo masa, ga amin ɗin mutane kamar saukar ruwan sama. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya. Ya lumshe ido.

Ya yi wa jariri addu'a, ya yi wa mai jego, ya yi wa kakanni na wajen uwa da na wajen uba, rayayyu da waɗanda suka riga mu. Ya roƙa wa Ibrahim ilimi, da sana'a, da mota mai lafiyar inji. Ya roƙi Allah Ya tsare shi daga lalaci da barcin safe. Ya nemi shiriya ga masu adaidaita sahu, da masu ajiye mota a kan kwana, da iyayen da ba su da dabarar kai 'ya'yansu makaranta a kan lokaci. Amin ta fara raguwa, ya ƙara murya don ya farfaɗo da ita. Ita kuwa lasifikar, a jikin turken lantarki aka ɗaure ta, bakinta na kallon ragar motarsa. Idonsa a rufe yake, bai lura da wannan ba, bai kuma lura da wani abu ba.

Sai da liman ya dafa gwiwarsa ya ce, "Malam, a bar wa jaririn wani abu ya roƙa da kansa in ya girma," sannan ya shafa. Ya buɗe ido ya ga rana ta hau katanga.

Ya zabura bakin tabarma. Babu takalmi.

"A wajen suna! A gaban liman! Yanzu na gama yi muku addu'a!"

Aka duba ƙarƙashin tabarmi, aka duba kwata. Alhaji Habibullah ya aika a kawo masa silifas, ya ce ba shi da lokaci, Allah Ya isa kawai. Ya faɗa mota ƙafa ba takalmi. Kafin a gama naɗe tabarmi, wata babbar mota ɗauke da rumfuna da kujerun taron mata na yamma ta shigo ta gaba ta cike lungun, direbanta ya kashe inji ya tafi cin wainar suna. Dole Ƙasimu ya koma da baya, kwana bayan kwana, yana jin motar ta yi wani irin sauƙi a hannunsa. Ya ce a ransa albarkar addu'a ce.

Lungun da ya sani na biyu an haƙa rami ana gyaran kwata. Na uku 'yan garuwa sun jera kurarsu a bakin famfo. Na huɗu ya tofo shi tsakiyar Titin Maiduguri, a daidai lokacin da duk wani mai ɗa a Kano ya fito da shi.

Motoci sun tsaya cik. Ƙasimu ya dubi sandal ɗin Hanan a kujera, gumi ya karyo masa. Ya tuna Safiyyah, ya tuna masu shayin da ya cika wa baki. Ya matsa bakinsa jikin katangar ƙarfe ya ce da raɗa, "Yi barcinki 'yar Baba, komai na tafiya bisa tsari."

Wani mai adaidaita a bayansa ya danna hon. Ƙasimu ya fito, babbar riga na jan ƙasa, kwalta na gasa masa tafin ƙafa.

"Kai yaro, ba ka da tarbiyya? Yara na barci!"

"A ina, Baba?"

"A cikin motar nan!"

Mai adaidaita ya karanta rubutun jikin motar, ya dubi ƙafafunsa. "Baba, 'ya'yan burodin ne, ko kuwa a gida aka manta ba a ba ka maganinka ba?"

Fasinjoji suka fashe da dariya. Ƙasimu ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a daina hon, wanda duk ya roƙa sai ya ƙara dannawa don ya ga abin da zai yi. Yana can nesa layi ya motsa, motarsa ta zama ita ce ta tare hanya. Jami'in da ke ba da hannu ya zo ya ce wane ne mai wannan akwalar.

"Ranka ya daɗe, ni ne, kuma ni nan da ka gani ban taɓa shiga cunkoso ba."

"To yau ka haɗa naka. Ja ta gefe."

Mu kuwa iyaye mun yi yadda ya ce. Mun karya a tsanake, muka taka zuwa Tarauni, muka tarar an rufe ƙofar makaranta an shiga aji, babu mota babu alamarta. Muka zauna wurin mai shayin tsallake muna zuba ido. Iliya ya ce wataƙila ya zo ya sauke su ya tafi. Malam Zakariyya ya ce Ƙasimun da ka sani zai yi nasara ya tafi ba a gan shi ba?

Hantsi ya dubi ludayi sosai sannan motar ta ɓullo tana tururi. Ƙasimu ya sauko, hula a karkace, ƙafa duk ƙura. Ganin mu ya sa ya miƙe ƙirji.

"An ɗan sami jinkiri daga wajen wasu marasa tsari. Amma ku zo ku ga barci. Ko motsi babu wanda ya yi tun daga gida. Wane uba a cikinku ya taɓa iya wannan?"

Masu shan shayi da masu tallan gyaɗa suka kewaye mu. Ya kama ƙofa, ya ce a yi shiru, ya buɗe.

Katifa ce kawai, da ɓurɓushin burodi.

Ya ɗaga katifar ya leƙa ƙarƙashinta. Ya sake ɗagawa. Sannan ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu, "An sace! Sun sace takalmi, sun haɗa da yara!"

Iliya ya shaƙe wuyan babbar rigar. "Ina Nathaniel? Me zan gaya wa Rifkatu?" Malam Zakariyya ya zauna a ƙasa yana salati. Ni kaina ban san na iya kuka da ƙarfi haka ba. Hayaniyar ta fito da Madam Deborah bakin ƙofa, tana tambayar wa ya rasu.

Kafin a ba ta amsa, ƙararrawar fita tara ta kaɗa.

Muka juya. Ga Hanan a tsakiyar fili, riga duk ta yamutse, ƙararrawa a hannu, tana tahowa tana jan ƙafa ƙwas, ƙwas, cikin sau-cikin sallah na mahaifinta. A bayanta ga Sadiq, ga Nathaniel, ga Suhaib, ga jikokin Malam Zakariyya, kowa da tambarin katifa a kumatu.

"Muryarka ce ta tashe mu, Baba," ta ce, idonta a ƙasa. "Mun jira ka gama, sai muka ji ka koma kan kakannin jaririn. Daga lungun kuma ana hango tutar makaranta. Gaban mota a kulle, takalmina na ciki, sai na ari naka."

"Ita ta riga kowa," in ji Madam Deborah. "Na zo na same ta a bakin ƙofa da rundunarta. Ƙararrawa tata ce."

Ƙasimu ya share hawaye da hannun riga, ya gyara hula, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To kun gani? Me na gaya muku? Takalmina ma, ba ni a ciki, ya san hanyar Tarauni."

"Ya sani ƙwarai," in ji Madam Deborah. "Sai dai mu a nan muna da doka, duk wanda ya iso bayan ƙararrawa sai ya tsinci ledar bakin ƙofa kafin ya wuce. Mai ƙararrawa, akwai wanda aka ware?"

Hanan ta ɗauko kwandon shara, ta durƙusa har ƙasa, ta miƙa da hannu biyu. "Babu, Madam. Sannu da zuwa, Baba."

Muka tuntsire da dariya har Iliya na riƙe ciki. Yarinyar ta jira muka lafa, sannan ta ce cikin ladabi, "Madam, su Baba Iliya ma bayan ƙararrawa suka zo. Na hango su ta taga."

Haka masu wucewa ta Tarauni suka ga magidanta huɗu a sunkuye suna tsintar ledar ruwa, na gabansu da babbar riga ba takalmi, yana nuna mana yadda ake tsinta da dabara.

Iyakar abin da na iya tsarawa ke nan. Inda harafi ya karkace, ko magana ta hau kan 'yar'uwarta, laifin hannuna ne, ina roƙon wanda ya fi ni sani ya gyara mini, Allah Ya saka masa. Gyara ɗaya ne ba zan karɓa ba, na Malam Ƙasimu, wanda ya aiko a gaya mini in rubuta cewa da gangan ya tsawaita addu'ar.